Aibin da ba ya fitowa sai inji ya yi zafi

Shekara 6 na yi ina duba motocin da mutane ke kawowa musaya a wani wurin sayar da motoci. Mutum zai zo da tsohuwar motarsa, ya nuna wadda ransa ke so a cikin namu, ni kuma in zagaya tasa, in tayar da ita, in ɗan taka ta, sannan in faɗa wa maigida kuɗin da za a yi mata domin a san cikon da mai ita zai bayar. Minti 20 nake da shi, wata rana ma bai kai ba. Mai motar kuwa shekaru ya yi yana zaune da ita. Ya san tarin da take yi da asuba, ya san tudun da take hawa da kyar.

Tambaya ɗaya nake yi wa kowa kafin in karɓi makulli: "Alhaji, akwai abin da ke damunta?" Amsar ma kusan ɗaya ce: "Lafiyarta ƙalau, Malam. Mai kawai za ka zuba ka kama hanya."

Da farko ban ga laifinsu ba. Hujjarsu a bakina take, har ni kan maimaita ta wa abokai: dila gwani ne, yana da na'ura, yana da bakanike, kuma shi ma gobe zai yi wa motar kwaskwarima ya ɗora riba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Na ɗauki abin kamar dara, kai ka ɓoye, ni in tono, wanda ya fi wayo ya ci.

Kuma na iya tonon. Wanda ya kawo mota da zafinta alhali gidansa kusa ne, na san akwai ƙarar da take yi in ta kwana. Wanda ya wanke inji tas har yana ƙyalli, yoyon mai nake nema. Baƙin mai mai kauri fiye da kima yakan danne ƙwanƙwasar inji na ɗan lokaci. In na buɗe murfin mai na ga abu fari-fari kamar madara, ko ruwan lagireto yana kumfa, zargina kan gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, yake tafiya. Mafi yawan wayon da ake yi shi ne kashe fitilar gargaɗin inji, ko dai a cire kan batir ko a goge da na'ura. Abin da masu yin haka ba su sani ba, tun 1996 da Amurka ta wajabta tsarin binciken lafiyar mota na OBD-II ga motocin da ake sayarwa a ƙasarta, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur, kwamfutar mota tana da wasu gwaje-gwaje da take yi wa kanta a kan hanya. Ka goge laifin, su ma gwaje-gwajen sun koma farko. Ina jona na'ura sai in ga ba a kammala su ba, a motoci da yawa har nisan da aka yi tun gogewar nakan gani. Mota mai shekara 10 ta ce kilomita 15 kacal ta yi tun da aka share mata ƙwaƙwalwa, ai biri ya yi kama da mutum.

Wata mota mai giyar otomatik ce ta raba ni da wannan tunani na dara. Tsaf take, fenti na asali, kujeru kamar ba a taɓa zama ba. Mai ita ya rantse ba ta taɓa kwana wurin gyara ba. Na taka ta, giya na shiga lafiya lau, na'ura ba ta nuna komai ba. Abu ɗaya ne: da na zaro sandar man giya, man ya yi duhu, yana ɗan warin ƙuna. Na shinshina, na goge hannuna, na yi shiru. Ciniki ne mai kyau, la'adata na ciki, kuma wata ya yi nisa.

Kwana 9 bayan mun sayar da ita, wanda ya saya ya dawo. Ba mai kuɗi ba ne, ya daɗe yana tari kafin ya haɗa. Ya ce in aka yi tafiyar da ta wuce minti 40, man giya ya yi zafi, sai inji ya riƙa ihu motar ba ta gaba. Sau biyu tana yi masa haka a babban titi, iyalinsa a ciki, manyan motoci na wucewa. Bai ɗaga murya ba. Takarda ya miƙo mini, wadda ya tsinta a ƙarƙashin tayar ko-ta-kwana: rasit ɗin wani bakanike, na wata biyu kafin a kawo mana motar, an rubuta cewa giyar na bukatar a sauke ta. Ke nan mai ita na farko ya sani sarai.

Maigida ya ce an sayar da mota yadda take, kuma mai saye ya sa hannu. Daga baya, bayan dogon roƙo, ya ɗauki wani ɓangare na gyaran. Mutumin ya juyo wurina ya ce, "Malam, kai ne ka ce mini ka duba ta." Ban sami abin cewa ba. Mai motar na farko ya yi zaton dila ya cuta, kuma a ransa dila ai ba ya cutuwa. Gaskiyarsa a nan, dila bai cutu ba. Aibin ya bi ta hannun mai motar, ya bi ta hancina, ya wuce teburin maigida, ya sauka kan mutumin da ba ya wurin ranar da aka yi ƙaryar. Wannan shi ne abin da hujjar "ai dila gwani ne" ke tsallakewa. Dila mashiga ce kawai. Motar da aka karɓa musaya ko dai a sayar wa wani, ko a tura ta gwanjo wani ƙaramin dila ya ɗauka, a ƙarshe dai tana hannun mai neman abin hawa, wanda ya fi kowa ƙarancin sani da ƙarancin kuɗin gyara.

Daga ranar, duk mota irin wannan da ta shigo sai in zaftare kuɗinta tun kafin in buɗe bonet. Mutane da dama masu lafiyayyun motoci sun biya bashin mutumin da ba su taɓa gani ba, wasu suka yi fushi suka tafi da abinsu. Sai da na koma karatun yamma na gane cewa abin da nake yi yana da suna a ilimin tattalin arziki. A 1970 George Akerlof ya wallafa wata maƙala kan kasuwar tsofaffin motoci, bayan mujallu 3 sun ƙi karɓarta. Amurkawa na kiran lalatacciyar mota lemun tsami. Bayaninsa shi ne, in mai saye ba zai iya bambance mai kyau da lemun tsami ba, kuɗin tsaka-tsaki zai taya. Mai mota mai kyau ya ga tayin bai kai ba ya janye, kasuwa ta rage saura marasa kyau, tayi ya ƙara faɗuwa. A 2001 aka ba shi kyautar Nobel tare da Michael Spence da Joseph Stiglitz. Na yi dariya a aji, don ni ne mai sayen da yake kwatantawa, da tsumma a kafaɗa.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa. Da takarda ya zo, ya rubuta komai da biro: birkin hannu ba ya kamawa sosai, an taɓa bugun ƙofar baya an yi mata fenti, na'urar sanyi na yoyon iska, inji na shan baƙin mai kaɗan tsakanin juye da juye. Na ce, "Baba, ai ba a tambaye ka duk wannan ba." Ya ce, "Yaro, in ban faɗa maka ba wa zai faɗa wa wanda zai hau ta?" Na duba, komai yadda ya rubuta. Na cire kuɗin gyaran waɗannan, na tsaya a nan. Aibin da aka faɗa mini kuɗinsa nake cirewa. Wanda nake zargin an ɓoye, cinikin biri a sama ne, kuɗin tsorona nake cirewa, kuma tsoro ya fi gyara tsada.

Ba zan yi wa kowa daɗin baki ba dai: wani lokaci faɗin gaskiya asara ce ta zahiri. Da mai giyar nan ya faɗa, da kuɗin motarsa ya zube sosai, kuma ba mai mayar masa. Ya ɓoye, ya ci riba, ban sake ganinsa ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da gama wannan magana. A hadisin Hakim bn Hizam da Buhari da Muslim suka ruwaito, an nuna cewa masu ciniki in suka yi gaskiya suka bayyana, za a yi wa cinikinsu albarka, in suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe albarkar. Abu biyu aka ambata, gaskiya da bayyanawa, don mutum na iya ƙin yin ƙarya amma ya ɓoye. Wanda ya fi kama da aikina shi ne hanin da aka yi na barin dabba kwanaki ba a tatsa ba don hantsarta ta cika mai saye ya ruɗu. Goge fitilar gargaɗi da safe a kawo mota da hantsi ɗan'uwan wannan ne. Malikiyya kuma ba su yarda sharaɗin "na sayar yadda take" ya wanke mai sayarwa daga aibin da ya sani ya ɓoye ba. Dokokin ƙasashe sun sha bamban, amma da yawa cikin masu bin tsarin Ingila suna raba shiru da ƙarya: ba lallai a kama ka don ba ka fara magana ba, amma in aka tambaye ka, ko ka sa hannu a takardar da ke cewa mota ba ta taɓa haɗari ko nutsewa a ruwa ba alhali ta yi, ka shiga hurumin zamba. Juya mitar nisan tafiya baya kuwa Amurka ta haramta shi da dokar tarayya tun 1972.

Wannan ba ya nufin ka zauna kana ƙirga kowane ƙwarzane. Abin da ido ke gani ya faɗi kansa, kuma zato ba sani ba ne. In ƙara kake ji ba ka san dalilinta ba, ka ce kana jin ƙara. Wanda nake nufi shi ne aibin da ka tabbatar, wanda minti 20 ba za su nuna ba, wanda da an sani da tayi ya canza. In ya shafi birki, sitiyari, jakar iska ko ƙashin mota, to maganar ta bar kuɗi ta koma rai. Dilolin ma bashin nan na kansu, kuma sun fi kowa ƙin biya.

Bara na kai tawa motar musaya, a wurin da ba a san ni ba. Tana da yoyon ruwa da ba ya bayyana sai an daɗe a cunkoso. Duk hanya ina jayayya da kaina, har na tsara yadda zan yi shiru ba tare da na yi ƙarya ba. Wani saurayi ya fito da na'ura a hannu da tsumma a kafaɗa, ya miƙo hannu karɓar makulli.

"Yallaɓai, akwai abin da ke damunta?"

Na ce, "Akwai. Kawo biro."