Yadda na buɗe injin babur ɗina a tsakar gida

Babur ɗina Bajaj Boxer ne, na saye shi a 2017, kuma tun ranar bai huta ba. Daga Jega zuwa Aliero ɗaukar albasa, wani lokaci Birnin Kebbi, da damina kuma fadama. Wayar mita ta tsinke yana kan kilomita 80,000 da 'yan kai, yau shekara biyu ke nan. Bara da hunturu ya fara hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, baƙin mai yana raguwa kafin mako ya zagayo, in na buga kik sai in ji ƙafata ta zarce babu tauri.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin komai ya tashi, har da na gyara, sai na yanke shawarar buɗe shi da kaina. Ina da kawu da ya daɗe yana kanikancin babur kafin idonsa ya yi rauni. Shi na ɗauko, ya zauna a gindin dogon yaro, yana faɗa ina yi.

Bai bari na taɓa sifana ba sai da na wanke injin tas da kananzir, na share tsakar gida, na yayyafa ruwa, na shimfiɗa sabon buhu. Kowane noti na kwance sai ya shiga raminsa a kiret ɗin ƙwai, bi da bi, ina ɗaukar hoto da waya. Kiret ɗin nan ya cece ni ranar haɗawa.

Da na zare bulok, wato ƙarfen da ke da ramin silinda inda fistin ke hawa da sauka, fistin ya yi baƙi ƙirin, ringi, wato zobban da ke jikinsa, sun sirance, jikin silinda kuwa duk zane ne daga sama har ƙasa, farce yana maƙalewa a ciki. Kawu ya zura yatsa ya shafa, ya daɗe yana shafawa, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ba tsufa kaɗai ba ne. Ƙasa ce ta ci shi. Bi hanyar iska ka gani."

Na bi. Robar da ta haɗa akwatin tace iska da kafireta ta tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, soson tace iskar kuma ya ruɓe, yana marmashewa a hannu. Na lakato cikin robar, yatsana ya fito da jar ƙura mai laushi kamar garin lalle. Ashe duk hunturun da na yi ina ratsa hazo, injin ƙura yake shaƙa, ta gauraya da mai tana goge ƙarfe a hankali. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ban taɓa wasa da juyen baƙin mai ba, amma wannan robar da kuɗinta bai kai na lita biyu na fetur ba, ban taɓa leƙa ta ba.

Silinda mai zane ba aikin gida ba ne. Na kai bulok Birnin Kebbi aka rarake shi, amma sai da na fara sayen fistin mai ƙarin kauri na milimita 0.25 na miƙa wa mai aikin, don ya auna ramin da shi.

Wajen haɗawa, kawu ya sa na cusa tsumma mai tsabta a bakin injin kafin in sa 'yar wayar da ke riƙe fil ɗin fistin, domin in ta sulluɓe ta faɗa ciki, sai an tsaga injin gaba ɗaya. Ringi kuma gefen da ke da rubutu shi ke kallon sama, kuma ba a jera bakunansu layi ɗaya. Notin kan inji a gicciye ake ɗaure su, kaɗan-kaɗan.

Kuskurena ya zo dab da magariba. Kawu ya tafi alwala, ni kuma ina gaggawar in gama, na ɗora sarƙar tamin, wadda ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul (ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi), ta goce da haƙori ɗaya. Da safe babur ya tashi da ƙyar, yana tari, babu ƙarfi. Kawu ya saurara kaɗan ya ce, "Kashe shi. Ka juya injin da hannu kafin ka buga?" Na ce a'a, Kawu. Na sake buɗe murfi, na daidaita alamar T ta jikin maganeto da alamar da ke kan haƙoran sama da sarƙar ke hawa, na juya zagaye biyu da hannu, suka sake haɗuwa daidai. Allah ya taimake ni bawul bai daki fistin ba.

Na yi kilomita kusan 500 ina lallaɓa shi, ba gudu, ba buhun albasa, sannan na juye man, ya fito da ɗan ƙyalli na garin ƙarfe, kawu ya ce haka sabon ringi ke yi. Hayaƙi ya ɗauke. Yanzu in hunturu ya shigo, duk Asabar nake cire soson in wanke da kananzir, in matse ba murɗawa, in ɗiga masa baƙin mai kaɗan, sannan in zura hannu ƙarƙashin robar in laluba.