Matan da Ba Sa Kan Kwalin Salsalarmu

Ranar da aka ɗora mini aikin magatakarda a ƙungiyarmu ta binciken asalin zuri'a, abu biyu aka damƙa mini: wani babban littafi mai baƙin bango, da dogon kwali da aka zana salsalar gidajenmu a kai. Ƙungiya ce ƙarama a cikin birnin Kano. Mukan haɗu Lahadin farko ta kowane wata bayan la'asar a soron shugabanmu, wani dattijo da ya yi aikin kotu har ya yi ritaya. Akwai malaman makaranta a cikinmu, akwai 'yan kasuwa, akwai tela. Kusan kowa da buri ɗaya ya shigo, ya ja sunan kakansa baya har ya dangana da Gabas, ko aƙalla ya jingina da wani babban malami. Ni ma burin da ya kawo ni ke nan.

Kwalin nan na yi wata biyu ina kallonsa kafin in lura da abin da ya rasa. Wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, tun daga sama har ƙasa, amma babu sunan mace ko ɗaya. Abin da ya buɗe mini ido kuwa sunan kakana ne. An rubuta shi a matsayin ɗan farin mahaifinsa, alhali kowa a gidanmu ya san da Tanko ake kiransa. Bahaushe ba ya ce wa yaro Tanko sai in mata ya biyo. To ina matan?

Da wannan tambayar na shiga cikin gida wajen Gwaggo, yayar mahaifina, wadda a lokacin ta haura tamanin. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, Babana take ce mini. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, Allah ya ƙara lafiya, wai kakanmu shi ne babba a ɗakinsu?" Ta dube ni ta ce, "Babana, wa ya gaya maka? Mata uku ya biyo. Biyu a nan aka binne su. Ta ukun, Larai, wani falke ne ya aure ta ya tafi da ita Gwanja, ko ƙyallinta ba a sake gani ba." A zama ɗaya ta ba ni sunaye fiye da waɗanda na tara a wata biyu na zaman soro.

Amma hira da tsohuwa sai an koya. Alkunya ba za ta bar ta ta faɗi sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, ko na surukinta. In ka matsa, sai ta ce "mai sunan Malam" ta kau da kai, kuma daga nan hirar ta mutu. Na yi wannan kuskuren sau da yawa a farko, ina tambaya kai tsaye kamar mai cike takarda a ofis. Daga baya na gane dabara. In zan je wajen tsohuwa sai in tafi da jikarta, domin akwai wasa tsakanin kaka da jika, abin da ɗa ba zai iya tambaya ba jika za ta tambaya tana dariya. Wani lokaci ni nake jero sunaye, in na zo kan na gaskiya sai ta gyaɗa kai. Na kuma daina buɗe littafi a gabansu. Da izininsu nake kunna waya ta ɗauki murya, in ajiye ta gefe, in bar hira ta bi inda ta ga dama. Sau da yawa sunan da nake nema yakan fito ne a tsakiyar labarin wani biki ko wata rigimar kishi da aka yi shekara sittin da suka wuce.

Laƙabi kuwa na koyi in ɗauke shi da muhimmanci kamar sunan yanka. Inda ka ga Gambo, to tagwaye ya biyo, in babu Hassan da Usaini ko Hassana a jerin, ka tambaya, yawanci za a ce maka sun koma tun suna jarirai. Kande maza ta biyo. Azumi ta gaya maka watan da aka haife ta, Larai da Ladi da Ɗanjuma sun gaya maka ranar. Sannan ga al'adarmu ta mayar da sunan kaka ga jika, a riƙa kiransa Abba ko Baffa. Wannan ita ta fi rikita mu. Za ka ga Muhammadu ɗan Abdullahi ɗan Muhammadu ɗan Abdullahi, mai kwafa ya ɗauka maimaici ne ya goge biyu, ko kuma mutum ɗaya ya zama biyu saboda wani gida da sunan yanka ya san shi, wani da laƙabi. Ƙari a kan haka, waɗanda suka shiga boko a da, da sunan garinsu ko unguwarsu aka rubuta da yawansu, irin su Aminu Kano da Shehu Shagari da Sa'adu Zungur. Wasu kuma da sunan mariƙinsu aka rubuta su, har 'ya'yansu suka taso suna zaton shi ne kakansu.

Riƙo da shayarwa su ne suka sa na daina ɗaukar aikin nan a matsayin abin sha'awa kawai. Wanda aka riƙa ba ya gadon mariƙi, waɗanda suka sha nono ɗaya kuma aure ya haramta a tsakaninsu. Wa ya san wa ya shayar da wa? Mata ne kaɗai. In uwa ta rasu a wajen haihuwa, ko ciwo ya kwantar da ita, wata a gidan ko a maƙwabta ce take ɗaukar jaririn, kuma ba a rubuta wannan a ko'ina. Na kai shawara gaban taro aka amince, muka ƙara layi uku a littafi gaban kowane suna: uwarsa, wadda ta shayar da shi in akwai, da wanda ya riƙe shi.

Shekaru ma da hira ake gano su. Tsohuwa ba za ta ce maka 1953 ba, za ta ce an kai ta ɗaki shekarar da Sarki Alhaji ya rasu, wato Abdullahi Bayero. Sai na keɓe shafi guda a ƙarshen littafi na jera abubuwan da mutane suke auna lokaci da su. Shigowar Bature Kano a 1903. Isowar hanyar jirgin ƙasa a 1911. Yunwar Kakalaba ta 1914 da 'Yar Buhu ta 1927. Zuwan Sarauniyar Ingila a 1956. Komawa tuƙi a hannun dama a 1972 da canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Da Gwaggo ta ce mahaifinta yana yaro mai kiwon awaki aka yi Kakalaba, nan take na san wajen shekarar da aka haife shi, na kuma iya ƙiyasta lokacin auren yayarsa Larai.

Wannan lissafin shi ya jawo mini muhawara mafi zafi da dattawanmu. Wani gida a cikinmu sun gaji labarin cewa kakansu tare da Wangarawa, malamai da fatake daga ƙasar Mali, ya shigo Kano. Littafin Tarihin Kano ya sa zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385. Shekara fiye da ɗari shida ke nan, kuma in ka ba kowane uba shekara talatin kafin ya haifi na gaba, kana buƙatar sunaye wajen ashirin. Salsalarsu tara gare ta. Da na faɗi haka a taro, wani dattijo ya ce, "Yaro, kana nufin iyayenmu ƙarya suka yi?" Na ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarka, ban ce haka ba. Na sama suna nan, na ƙasa suna nan, na tsakiya ne suka zube a hanya." Haka baki yake yi da salsala: yana riƙe wanda ya kafa gida saboda girmansa, yana riƙe na kusa saboda an gan su, na tsakiya kuwa in ba su yi sarauta ko malanta ba sai a tsallake su. Rubutattun ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, domin takardar Larabci ta asalin Wangarawa ta sa isowar Shehu Abdurrahman Zaite a zamanin Muhammadu Rumfa, kusan ƙarni guda bayan Yaji. Tun daga ranar muka kafa ƙa'ida: ba ma gyara wa kowa labari, ba ma cike gurbi da zato. Mu rubuta abin da aka faɗa, da wanda ya faɗa, da wanda shi ya ji daga bakinsa, da ranar da aka faɗa mana. In ruwaya biyu ta saɓa, mu rubuta duka biyun kusa da juna.

Mun je Kaduna sau biyu, gidan adana takardun tarihi na ƙasa da kuma Arewa House. Rahotannin da Turawan mulki suka rubuta don tsara haraji suna da amfani in kakanka hakimi ne ko dagaci. Talaka kuwa a adadi yake fitowa a cikinsu, ba a suna ba. Abin da ya fi yi mana amfani yana cikin gidajenmu: takardun rabon gado na alƙali, takardun cinikin gida, da ranakun haihuwa da rasuwa da malamai suke rubutawa da ajami a bayan littattafansu. Da yawa gara ta riga mu. Abin da ya saura muna ɗaukar hotonsa mu mayar wa masu shi a gafakarsu.

Akwai wurin da har yanzu nake taka shi da sanɗa. Wani lokaci salsala takan tsaya cak a kan mutum ɗaya, a ce maka "daga kudu aka zo da shi", ko a ce uwar wane sa-ɗaka ce, sai murya ta yi ƙasa. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa, wato kakannin mutanen da muke gaisawa da su kullum sun ga zamanin. Wani a cikinmu ya taɓa karanta irin wannan labarin a bainar taro ba tare da ya nemi izinin masu shi ba, kuma wannan gidan ba su sake tako soron ba. Abin ya dame ni ƙwarai, don na san ba su yi laifin komai ba, mu ne muka ci amanarsu. A shari'a ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne, yana gado kamar kowa, kuma sarakuna da yawa ta haka suka fito. Duk da haka mutane suna duba asali in an zo maganar aure, kuma kalma ɗaya daga littafinmu tana iya rusa baiko. Yanzu irin wannan bayanin a littafi dabam yake, a kulle, ba ya fita sai da yardar zuri'ar. Hadisi ya ce mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi, shugabanmu kuma yakan karanto shi duk lokacin da ya ga taro ya fara karkata zuwa alfahari.

Maganar Larai ba ta bar raina ba. Wani ɗan ƙungiyarmu mai fataucin goro yana da abokan ciniki a zangon Kumasi ta Ghana, ƙasar da Gwanja take cikinta a yau, sai na naɗi muryar Gwaggo tana ba da labarin, da sunan unguwarmu da sana'ar gidanmu, na roƙe shi ya tura musu ta WhatsApp. Wata bakwai shiru. Rannan da daddare sai ga saƙon murya daga wata dattijuwa, da Hausarsu ta can. Ba ta san sunan kowa a kan kwalinmu ba. Abin da ta sani shi ne kakarta Bakanuwa ce, Larai ake ce mata, kuma har ta rasu tana maganar wani ƙaninta da ta goya, wanda ta baro yana kiwon awaki.

Da safe na kai wa Gwaggo wayar. Ta saurara sau uku ba ta ce uffan ba, sannan ta share ido da gefen mayafinta ta ce, "Babana, tambaye ta 'ya'ya nawa ta bari." Na tambaya. Shida ne, huɗu mata. Na buɗe sabon shafi na fara rubuta su, kowa da sunan uwarsa a gabansa.