Ranar da bandata ta shiga Lakwaja a kwalekwale

Sana'ata bandar kifi. A wani ƙauye nake a ƙasar Guri, gabas da Haɗeja, inda kogi ke bazuwa cikin fadamu. Masunta su kamo, mu saya tun a bakin ruwa, yarana su fafe ciki, su naɗe tarwaɗa su soke ta da tsinke, a jera kan waya, a hura wuta a ƙasa. Sai ta sha hayaƙi kwana biyu zuwa uku kafin ta shiga kwali. Mu tara ne har da ni, ban da matan da ke wankin kifi, su a kullum ake sallamarsu.

In na ce Lakwaja nake kai kaya, wanda bai san harkar ba sai ya yi dariya: mai kogi biyu za ka kai wa kifi? To su ɗanye suke ci. Namu busasshe ne, 'yan kasuwar Kudu ke tarbarsa a can, abin da ya ragu ya wuce Anaca. Na fi shekara goma ina bin hanyar, amma abin da na sani a garin bai wuce tasha da masallaci da rumfar mai abinci ba.

Sai damunar 2022. Ruwa ya ci mu a gida, ya shanye shinkafa, ya rusa ɗakuna. Da ƙyar na haɗa kwali sittin na ɗora a mota, ina ganin na tsere wa ruwa, ashe yana gaba yana jirana. Kuma ba ma dangi ba ne da namu: kogin Haɗeja Tafkin Chadi ya nufa, Kwara da Binuwai kuwa teku suke nema. A Kotonkarfe muka tarar da layin tireloli da tankoki, ido ba ya ganin ƙarshensa, kwalta ta nutse.

Kwana uku muna tsaye. Banda ba ta shiri da laima. Tana jin danshi sai fumfuna, bayan fumfuna tsutsa. Akwai masu yayyafa mata fiya-fiya, ni dai ba na yi, abin da ɗan wani zai ci a miya ne. Kullum da asuba sai na kwance kwali ɗaya na shinshina. Ran na uku hancina ya gaya mini gaskiya. Direba yana cewa, "Alhaji, a ƙara haƙuri, zai janye," ni kuwa na riga na tafi wurin masu kwalekwale. Sun san ba ni da zaɓi, kuɗin da suka yanka ba na son tunawa. Sawu huɗu suka yi. A na ƙarshe na zauna kan kwali, muna ratsa saman gonakin mutane, rufin kwano na leƙowa daga cikin ruwa. A bakin kogi aka haife ni, amma ranar bakina bai bar salati ba sai da muka taka tudu, muka samu ƙaramar mota ta haye da mu gadar Murtala.

Mai masaukina dattijo ne, kakanninsa Kanawa, Hausarsa da ɗan gishirin Nufanci. Da ya ga kwalayen da shatin ruwa sai ya yi murmushi: "Ɗana, yau ka shigo garin nan ta ƙofarsa ta asali." Motar komawa babu, sai na yi kwana biyar a hannunsa, shi kuwa kamar mai jiran wanda zai ba labari.

Ya hau da ni Dutsen Patti. Daga can ake hango inda Kwara ta haɗu da Binuwai. Ya ce da rani har launinsu ana bambancewa, ranar dai duk ja ne. Wannan mahaɗar ce ta yi garin. Wani likita Bature, Baikie, ya kafa zango a wurin wajen 1860, kasuwa ta biyo baya, Nufawa da Hausawa da Kakanda da Yarbawa suka taru, jiragen ruwa na hawowa daga teku, da damuna su bi Binuwai har Yola. A nan ne ran 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar Kamfanin Neja aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya karɓi Arewa. Hedikwatar mulkinsa ba ta daɗe a garin ba, a 1902 tana Zungeru. Sannan layin dogo ya taso daga Baro ya iso Kano a 1911, aka haɗa shi da na Ikko, bai bi ta Lakwaja ba. Kayan da ke bin ruwa suka koma ƙarfe. Wannan na gane shi sarai, don mu ma layin Nguru da ya ratsa Malam Madori da Birniwa ya ɗauki gyaɗar kakanninmu, yau ga mu muna roƙon direban tirela. Ba don an mai da garin babban birnin jihar Kogi a 1991 ba, da ban san abin da zai riƙe shi ba in ban da masu tsayawa cin abinci irina.

Ran na huɗu ya ce, "Zo ka gai da sarkinmu." Na ɗauka fadar Maigari za mu, sai ga mu a unguwar Kabawa, gaban kabari. Sarkin Kano Alu Maisango. Turawa sun ci Kano a 1903 yana hanyar Sakkwato, suka kama shi, suka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Ba shi kaɗai ba, Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ma a garin ya cika. Tun ina yaro nake jin sunan Alu a bakin tsofaffi, ban taɓa tambayar inda ya ƙare ba, alhali sau nawa na wuce kusa da shi ina lissafin la'ada. Na ce, "Baba, mu namu Sarki Muhammadu a cikin Haɗeja ya faɗi a 1906, da makami a hannu." Ya ce, "Naku ya huta rana ɗaya. Wannan shekara da shekaru ya yi yana kallon ruwan da ba nasa ba." Muka yi musu addu'a, wasu yara na buga ƙwallo a bayan katanga.

Kwali bakwai sun yi fumfuna, a rabin kuɗi na rabu da su. Sauran sun yi daraja don kaya ba sa shigowa, sai dai masu kwalekwale sun riga sun cinye ribar. Na sayi jarka goma ta manja don kada in koma hannu rabbana. Da zan hau mota Baba ya riƙo hannun rigata ya ce in zan dawo in taho masa da dabinon Dutse, mai laushi, haƙoransa sun ƙare.