Maganin da ya rage mana neman jini a tiyatar ƙanwata

Da aka sa ranar yi wa ƙanwata tiyata domin a sauya mata ƙofar zuciya da ta lalace, sakamakon ciwon maƙogwaron da ba a kula da shi ba tun tana yarinya, babu abin da ya hana ni barci kamar maganar jini. Duk wanda ya taɓa jinya a Garwa ko Marwa ya san cewa sau da yawa sai dangi sun kawo masu bayarwa kafin a sami leda ɗaya, mu kuwa ga mu a kudancin Kamaru, nesa da 'yan uwa.

Likita mai sa barci ne ya kwantar mini da hankali. Ya ce, "Malam, da kanmu muke tsinka jinin da heparin, don kada ya daskare a cikin injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu, idan an gama kuma mu warware shi da protamine." Matsalar ita ce, wucewar jini ta bututun injin tana sa jiki ya riƙa narkar da gudajin da suka toshe bakin rauni tun bai warke ba. Wannan narkewa ce maganin da ake kira tranexamic acid yake hanawa, shi ya sa ake ba da shi ta jijiya tun farkon aikin.

Daga baya na bibiyi tarihinsa. Mata da miji ne a Japan, Utako da Shosuke Okamoto, suka samar da shi a 1962, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Wani bincike da aka wallafa a 2017, a kan mutane fiye da 4,600 da aka yi wa tiyatar jijiyoyin zuciya, ya nuna cewa waɗanda aka sake buɗewa saboda zubar jini sun ragu daga kashi 2.8 zuwa 1.4 cikin ɗari. Sai dai jijjiga irin ta farfaɗiya ta ƙaru daga 0.1 zuwa 0.7, kuma dole a rage adadin maganin ga mai ciwon ƙoda. Saboda haka raina yakan ɓaci idan na ji wani ya saye shi a kasuwa yana sha da ka.

A daren farko na tsaya a bayan gilashi ina kallon bututu biyu da suka fito daga ƙirjinta, ma'aikaciyar jinya tana durƙusawa kowace awa ta duba ma'aunin ta rubuta. Kafin asuba jan ya fara dusashewa. Leda ɗaya kawai aka ƙara mata cikin huɗun da muka tanada, sauran ukun muka bar wa wani yaro daga Ngaundere da za a yi wa aiki washegari.