Fidda ado a bakin ƙaramin katako

A shagonmu na kafinta a Zango, nan Damagaram, babban aiki ba ya ba ni tsoro. Ƙofa ko gado suna da nauyin da zai riƙe kansu. Ƙananan kaya ne ke sa ni nutsuwa: farantin shayi, gidan madubi, murfin akwatin turare, wani lokacin ma allon aduwa da mai shi yake so a zagaye masa gefe don kada ya yanki yaro.

Injin fidda baki da nake aiki da shi, wato mai sassaƙa ado a gefen katako, ƙarami ne, hannu ɗaya ke riƙe shi, amma haƙorinsa yana juyawa kusan sau 30,000 a minti. Katakon da bai fi tafin hannu ba, idan haƙorin ya cafke shi, kafin ƙiftawar ido ya fizge shi, yatsu kuma su bi baya. Shi ya sa tun farko maigidana ya kafa mini doka: “Yaro, kada hannunka ya zama matsi.” Har gobe a kanta nake.

Dabarar da ta fi kwanta mini a rai ita ce in fidda adon tun katakon yana dogo, sannan in yanka da zarto. Idan an riga an yanka, sai in shimfiɗa babban falanki a kan tebur, in kafa ƴan guntaye da ƙananan ƙusoshi su kewaye katakon ta yadda ba zai motsa ba. Guntayen dole su fi shi siranta, in ba haka ba boris ɗin da ke ƙasan haƙori, wato ɗan ƙarfen da ke gangarawa a jikin gefen katako, zai yi karo da su. Idan katakon ya yi siriri har boris bai samu wurin jingina ba, nakan manna shi a kan wani mai girmansa, in ɓamɓare bayan na gama.

Sai maganar inda za a fara, wadda yara masu koyo ke rainawa. Kan katako, inda jijiya ta ƙare, shi ake fara bi, domin a kusurwa yakan tsage. Idan ka dawo ka bi tsawon, haƙori zai cinye tsagewar. Injin kuma daga hagu zuwa dama nake tura shi idan ina fuskantar gefen, don ya riƙa turjiya. Ka bi ɗaya hanyar, shi ne zai ja ka.

Ba na cin zurfin gaba ɗaya. Milimita 2 ko 3 a kowane bi, na ƙarshe kuwa ɗan shafa kawai. Madaci yana ba da baki mai santsi, amma ka tsaya wuri guda ko haƙori ya dakushe, sai ka ji ƙauri, baƙin tabo ya fito, kuma goge shi cikin lungun ado wahala ce babba. Farin katako ba ya saurin ƙonewa, sai dai yakan tashi da gashi.

Da hunturu katako kan bushe ƙayau, ya fi saurin tsagewa, don haka nakan ƙara rage zurfi, in gwada a guntu ɗaya kafin in taɓa kayan mutane. Garin katakon yana shiga ido da hanci, ba na kunna inji sai da tabarau da takunkumi, kuma duk sanda zan canza haƙori sai na zare waya daga wuta.