Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Monitar da ta ƙi nuna hoto

A makon jiya na tsaya ne a inda Oga ya fara barina in buɗe kwamfutar mutane ba tare da ya tsaya a kaina ba. To ga aikin farko da ya tura ni waje ni kaɗai.

Wani Alhaji ne mai harkar hatsi a kasuwar Dawanau da ke Kano ya saya wa akawunsa monita ta biyu, 'yar gwanjo, don ya riƙa duba rasit a ɗaya yana lissafi a ɗaya. Aka jona, ta ƙi kawo hoto. Ina shiga Alhaji ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, ina shi maigidan naka? Wannan abar matacciya ce, mayarwa za a yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni dama in duba tukuna."

Fitilarta na ci, ruwan lemo, kuma rubutun No Signal na yawo a fuskarta. Nan hankalina ya kwanta, domin monitar da ke iya rubuta wannan da ranta, saƙo ne kawai bai iso mata ba. Na danna maɓallin da ke zaɓar kafar shigar hoto na tsayar da shi a VGA, wato irin kafar da aka jona kebul ɗinta. Na haɗa maɓallin Windows da P na zaɓi Extend, wato a faɗaɗa hoto zuwa monita ta biyu, shiru. Sai na yi abin da Oga ya fi nanata mana: a canza abu ɗaya, a gwada, sannan a taɓa wani. Na cire kebul ɗin monitar farko na sa wa sabuwar. Hoto ya fito tas.

Na durƙusa bayan kwamfutar da tocilan waya, ƙurar gero har cikin hanci. Kebul na farko yana ƙasa, jikin katin hoto, wato katin da ake ƙara wa kwamfuta don fitar da hoto. Na biyun, mai shuɗin kai da ƙusa 15, an cusa shi a sama, a kafar babban allon ciki. Yawancin irin waɗannan kwamfutoci, da zarar an sa musu katin hoto, kafar sama ta daina aiki. Ni ban ga laifin wanda ya jona ba, kafar ta yi daidai da kebul ɗin, kowa ma nan zai sa.

Kafar da ta rage a katin ta HDMI ce, wata irin kafar hoto daban, ita kuwa monitar ba ta da irinta, VGA take karɓa. Na hau adaidaita sahu zuwa Beirut Road, inda ake sayar da kayan kwamfuta, na sayo kwanbata mai ɗaukar hoto daga HDMI zuwa VGA. Na karanta kwalin sosai, don akwai mai yin akasin haka, kuma ɗaya ba ta aikin ɗaya.

Ina jonawa allon ya haska, akawun ya ja linzami ya tsallaka da shi zuwa sabuwar monitar. Alhaji ya ciro waya ya kira Oga a gabana, ya ce daga yau ni za a riƙa turo masa. Yadda muka ƙare da Oga kan kuɗin wannan aiki kuwa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.