Kujerar ba da labari da na sassaƙa har sau biyu

Wani ƙaton itace iska ta kayar a bakin filin da yara ke taruwa ana karanta musu labari, ni kuma da ma hannuna na ƙaiƙayi, sai na ce a bar min kututturen zan fitar da kujera guda, irin mai dogon baya ɗin nan da mai ba da tatsuniya zai zauna yara su kewaye shi. Zumuɗi ya sa ko sati biyu ban bari ba na hau shi da zarto da gizago, itacen ɗanye shar, kana sara ruwa na tsatsafowa. Gaskiya ɗanyen itace akwai daɗin sassaƙa, kurfi shiga yake kamar a sabulu, wata ɗaya na gama, na zana tsuntsaye da kunkuru a jikin majinginar, na shafe ta da banish tana ƙyalli.

Wata huɗu kacal ta tsage. Tsagar ta taso daga tsakiyar kututturen ta raba kan kunkurun nan biyu, har yatsana na shiga. Ranar raina ya ɓaci sosai. Ashe itace in yana bushewa wajensa ne ke fara motsewa alhali cikin na nan da ruwa, kuma motsewar da yake yi ta kewaye ta kusa ninka wadda yake yi daga tsakiya zuwa ɓawo, to dole wani wuri ya buɗe. Masu aikin katako na lissafa kusan shekara ɗaya ga kowane inci ɗaya na kauri in a iska za a busar, kututture guda kuwa ba a ma maganarsa. Banish ɗin shi ma rana ta dafa shi ya dinga ɓarewa, ruwa ya shige ƙasansa ya rasa hanyar fita, mazaunin ya yi baƙi saboda na yi shi kamar akushi, ruwan sama na kwana a ciki.

Ta biyun da kirya na yi, don gara ba ta cika damunta ba. Na raba kututturen na cire tsakiyar gaba ɗaya, na fere farin itacen da ke bin ɓawo saboda shi ke fara ruɓewa, na toshe bakunan da kakin zuma na ajiye a inuwa kan duwatsu don ya bushe a hankali. Mazaunin na ɗan karkatar da shi baya kaɗan na huda rami a inda ruwa ke taruwa, ƙafafun kuma ba sa taɓa ƙasa, kan dutse suke, don ta bakin yanka itace ya fi shan ruwa. Man linsid, wani mai da ake shafa wa katako, nake shafa mata duk shekara, amma don Allah tsumman da kuka shafa da shi kar ku dunƙule ku jefar, yana iya kama wuta da kansa, ku shanya shi a baje ko ku tsoma a ruwa.

Abin da ya fi taɓa ni ma ba itacen ba ne, wata dattijuwa ce da ke ba yaran labari. Ta ce ɗana, waccan ta farkon ta yi tsayi, ƙafata na lilo, kuma tsuntsayenka suna sukar bayana. Ni ido na yi wa aiki na manta mutum zai zauna rabin awa yana magana. Sai na sauke mazaunin zuwa santimita 40, na mayar da duk zanen zuwa bayan kujerar da gefenta inda yara ke shafawa, cikin majinginar na goge shi sumul da sandfefa, hannuwan kuma na yi su da faɗi yadda littafi zai zauna. Yanzu in ta sunkuyo fuskarta dab da ta yaran take, kan kunkurun da ke hannun dama har ya yi santsi saboda shafa.